Mahaifiyarmu ta riƙe gida sama da shekara 35 bayan rasuwar Baba, yanzu ana maganar sayar da shi

Ɗan Hanyar Gwarzo ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar malamai da iyaye da duk wanda ya taɓa ganin irin wannan lamari a danginsu. Ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanin, domin idan ban faɗi asalin gidan ba, ba za a gane nauyin tambayar ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin wata masaƙa ne a Bompai. Ya daɗe yana haya a Fagge kafin ya tara abin da ya sayi fili awon igiya a hannun wani manomi, can bayan Kabuga a kan hanyar Gwarzo, wajen Rijiyar Zaki. A wancan lokaci wurin gonaki ne, babu wuta, babu famfo, kuma kafin mutum ya isa gidan maƙwabci sai ya ratsa gonar dawa. 'Yan uwa suka yi ta cewa ya kwashi iyalinsa ya kai su daji. Ya gina ɗaki uku na ƙasa da zaure, ya haƙa rijiya, ya kewaye sauran da dangar kara. Ba mu daɗe da tarewa ba ya kwanta ciwo, ya rasu a daminar 1988, wato daminar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle, ruwan sama kuma ya yi ta rusa gidajen ƙasa a Kano. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa wadda muke kira Iya, da mu 'ya'yansa tara, biyar ɗakin mahaifiyarmu Inna, huɗu ɗakin abokiyar zamanta.

Da aka fita takaba, iyayen abokiyar zaman Inna suka zo suka ɗauke 'yarsu, saboda yarinya ce a lokacin, daga baya ta yi aure a wani gari. Ta tafi da na goye, ta bar uku. Baffanninmu suka kawo shawarar a sayar da filin, a rarraba mu gidajen dangi, Iya kuma ta koma ƙauye. Inna tana daga bayan labulen ɗakinta ta ce ba za a raba mata yara kamar goron biki ba, kuma a yaran nan har da ukun da ba ita ta haifa ba.

Abin da ya biyo baya da idona na gan shi. Ta fara sayar da kwallayenta da tasoshin da aka yi mata jere da su, ta sayi gyaɗa, ta kama yin ƙuli-ƙuli da mai. Zamanin SAP ne, tsarin gwamnati na tsuke bakin aljihu, wanda aka fara a 1986, kowane wata kaya sai sun ƙara kuɗi. Yayanmu yakan je Dawanau ya auno gyaɗar, mu ƙanana mu ɓare, ita kuma ta soya ta kirɓa ta matse, har tafin hannunta ya yi kanta. Da mutane suka fara yanka filaye a kewayenmu, sai ta ƙara da koko da ƙosai saboda magina da leburori, tana kuma sayar musu da ruwan rijiyarmu don kwaɓin ƙasa. Da kwasar adashi ta sayi injin markaɗe, da kuɗin injin ta riƙa sayen bulo kaɗan-kaɗan tana jibgewa a gindin darbejiya, sai ya isa ɗaki sannan ta kira magini. Yau ɗaki goma sha ɗaya ne a gidan. Ta yi jinyar Iya har ta rasu a hannunta, ta aurar da mu duka, kuma kayan ɗakin da ta yi wa ƙannena na ɗaya ɗakin bai gaza na 'ya'yan cikinta da ko cokali ba.

Gidan kuma ya zama masaukin dangi. Duk wanda ya taso daga ƙauyenmu a ƙasar Ƙaraye zai ga likita a Asibitin Murtala ko Asibitin Malam Aminu Kano, a nan yake kwana. Yaran dangi da suka samu gurbi a Jami'ar Bayero a zaurenmu suka yi karatu. Gwaggonmu da aurenta ya mutu tana nan, marayun ƙanena da ya rasu suna nan. Har gobe idan magariba ta gabato, Inna takan sa a jera kwanuka a tsakar gida, ta zauna a kujera 'yar tsugunno da mara a hannu, tana kwasa tana ambaton mai kowane kwano, in ban da na yayanmu, wanda take cewa «na wancan» saboda kunyar ɗan fari. A daren jiya kwano 23 na ƙirga.

Matsalar ita ce ba a taɓa raba gadon Baba ba. Yanzu unguwar ta zama gari, dillalai suna ta zarya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi wa wasunmu tsanani, sai 'yan uwana maza biyu, ɗaya ma ɗan cikin Inna ne, da wata ƙanwarmu ta ɗaya ɗakin, suka ce a sayar a ba kowa haƙƙinsa, a saya wa Inna ƙaramin gida ta huta. Ni da wasu mun ƙi, har an fara gaisuwa sama-sama. Inna ba ta ce komai ba, ga ciwon gwiwa ya sa ta a gaba. Tambayata ita ce: shin muna da laifi a wurin Allah idan muka hana a raba? Kuma ta yaya za mu sauke wa wannan baiwar Allah nauyi ba tare da mun tarwatsa abin da ta tara ba?

Ɗalibi daga Madabo ya amsa:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Allah ya saka wa Inna da Aljanna. Hadisi ya inganta a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shi da mai riƙon maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna manuniya da ta tsakiya. Ita kuwa ba maraya ɗaya ta riƙe ba.

Amma malam, zan gaya maka abin da watakila ba za ka so ji ba. Daga ranar da mahaifinku ya rasu, gidan ya zama na magada, kowa da kason da Allah ya yanka masa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Zama a haɗe ya halatta muddin kowane magaji baligi ya yarda, amma da zarar ɗaya ya ce a ba shi nasa, ba ku da ikon hana shi, ko da niyyarku ta alheri ce. Saboda haka 'yan uwanka ba su nemi haram ba, kuma bai kamata a riƙa kallonsu a matsayin marasa kara ba.

Bisa yadda ka bayyana, bayan an fitar da bashi da wasiyya idan akwai, dukiyar za ta kasu kashi 24. Matan biyu suna da tumuni, wato kashi 3, su raba daidai, kuma auren da abokiyar zaman Inna ta sake bai zubar da tumunin takabarta ba. Iya tana da sudusi, wato kashi 4. Ragowar kashi 17 naku ne ku tara, namiji ya ɗauki rabon mace biyu. To ka lura da wuri biyu da mutane suke yawan yin tuntuɓe. Na farko, kashi 4 na Iya ya koma ga nata magadan bayan rasuwarta, wato baffanninku da gwaggonninku, ku kuwa jikoki ba ku da komai a ciki tunda ta bar 'ya'ya maza a raye. Na biyu, kason ƙanenka da ya rasu ya zama na magadansa, irin su matarsa da marayunsa da mahaifiyarsa. Wannan shi malamai suke kira munasakha, mutuwa a kan mutuwa kafin a yi rabo, kuma duk shekarar da aka ƙara, igiyar sai ta ƙara sarƙewa. Yau kuna iya zama ku ƙirga masu haƙƙi a zaure ɗaya, amma nan da shekara goma sai an nemo waɗanda ba su ma san hanyar gidan ba.

Sai dai akwai abin da zai sanyaya maka rai. Gado shi ne abin da mamaci ya bari, wato fili da ɗaki uku na ƙasa da zaure da rijiya. Ɗakunan da Inna ta gina da guminta ba Baba ne ya bar su ba, don haka wajibi ne a ƙimanta su daban, a gaban alƙali ko malamin da kuka amince da shi, kada a narkar da wahalarta a cikin gado a bar ta da kashi ɗaya cikin 16. Sannan raba gado ba dole ne ya zama sayar da gida ga bare ba. Shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a a kan gidan da ba a raba ba, ma'ana idan ɗayanku ya sayar da kasonsa, ku ne kuka fi cancantar karɓarsa a kan kuɗin da aka saya. Ku yi wa gidan kuɗi, masu son fita a biya su, masu son zama su haɗa hannu. Wanda kuma ya ga dama ya yi wa Inna kyautar kasonsa, to a rubuta, a kafa shaidu, ta karɓa tun yana raye da lafiyarsa, domin a mazhabarmu ta Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu ta warware.

Uwar Marayu daga Gwammaja ta amsa:

Ɗana, 'yata ce ta karanta mini bayaninka, na sa ta maimaita, sannan na ce ta rubuta mini amsa kamar yadda na faɗa. Nawa maigidan ya rasu ya bar ni da shida, don haka abin da zan faɗa ba a littafi na gani ba.

Ka lissafa mana abin da mahaifiyarka ta yi, ɗaki nawa, kwano nawa, aure nawa, amma ban ji inda ka ce wani a cikinku ya zauna ya tambaye ta abin da take so ba. Masu cewa a sayar sun yanke mata hutu, ku masu cewa kada a sayar kun yanke mata ci gaba da ɗawainiya, ita kuma tana zaune a tsakiya ana magana a kanta kamar ba ta nan. Shirun da ka ce ta yi ba rashin magana ba ne. Mace irinta ta saba haɗiye abu tun ranar da ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ɗin nan mutane suna ganin su ne wahalar, alhali a cikinsu gida cike yake da masu gaisuwa, ana aiko da tuwo, ana aiko da sabulu. Wahalar tana farawa ne ranar da aka fita, ƙafa ta ɗauke, ka waiwaya ka ga daga kai sai yara da buhun da ya kusa ƙarewa. Kuma bazawara ba ta da sakewa a bakin mutane: idan ta yi kwalliya a ce miji take nema, idan ta fita neman abinci a ce ta cika yawo, idan ta zauna a ce ta zuba wa dangin miji ido.

Ina da yaƙinin an nemi auren mahaifiyarka, domin a shekarun da ka faɗa ba tsohuwa ba ce. Ni ma an nema, na ƙi, saboda na san ranar da na shiga gidan wani, yarana sun zama agola ko kuma an watsa su gidajen baffanni. Aure bayan takaba ba aibu ba ne, Ummu Salama da 'ya'yanta ta shiga gidan Annabi bayan rasuwar Abu Salama, kuma a nan Kano mun ga auren zawarawa da gwamnati ta fara ɗaurawa ta hannun Hisba a 2012, mata da yawa sun samu rufin asiri. Amma wadda ta haƙura da nata jin daɗin don yara su tashi a inuwa ɗaya, ta biya wani farashi da ba ya shiga lissafin magini. Ina so ku san da wannan idan kun zauna rabo.

Game da sauke mata nauyi, ku yi hattara. Na ga wata ƙawata da 'ya'yanta suka yi wa gata, suka ɗauke ta daga gidan da ta shekara arba'in suka kai ta gida mai tayil da fanka, babu mai sallama, babu mai cewa a ba ni gishiri, ba ta rufa shekara biyu ba ta zama kamar ba ita ba. Abin da yake gajiyar da Inna shi ne cefane da icce da kuɗin magani da kuɗin makarantar jikoki. Wannan shi za ku ɗauke, ku yanka wa kowane ɗa abin da zai kawo duk wata gwargwadon ƙarfinsa, a sa yarinya mai tuƙi. Amma marar kwasar tuwon nan ku bar ta a hannunta. Ita za ta ce a kai wa wane, a ƙara wa wance, a ajiye na baƙo. Ranar da kuka karɓe wannan, kun sauke ta daga kujerarta ne, ko da kun kira shi hutu.

Sannan ku maza ku tuna cewa gidan da kuke alfahari da shi a bayan mata yake tafiya. Idan Allah ya ɗauki ran Inna, wa zai tashi da asuba ya ɗora ruwan zafin mara lafiyar da ya zo daga ƙauye? Idan kuna son masaukin dangi ya ɗore, ku fara shawara da matanku da 'yan uwanku mata tun yanzu, kada ku wayi gari ku ɗora wa matar wani kayan da ba a tambaye ta ba.

Mai Awon Filaye ya amsa:

Ni ta ɓangaren takarda zan yi magana. Yawancin filayen awon igiya na wancan zamani ba su da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, kuma takardar shaidar mallaka daga gwamnati ita ce hujja mafi ƙarfi. Ku nemo takardar cinikin tun sauran shaidu suna raye, a auna gidan, a nemi ta gwamnati da sunan da kuka yi ittifaƙi a kai.

Kuma masu cewa a saya wa Inna ƙaramin gida su yi lissafi da kyau. Kuɗin gida yana da yawa ne idan yana dunƙule. Idan aka fasa shi tsakanin mata biyu da 'ya'ya tara da magadan Iya, aka cire la'adar dillalai, abin da zai zo hannunta ba zai sayi gida a unguwar da take ba. Sai dai a nausa gaba, wajen Janguza ko bayanta, inda za ta sake zaman jiran wuta da hanya da maƙwabta, wannan karon da ciwon gwiwa.

'Yar Ɗaya Ɗakin ta amsa:

Ni ma matar babana ce ta riƙe ni bayan rasuwarsa, kuma ba ni da uwar da ta fi ta. Amma ina roƙonka kada ka riƙe ƙanwarka a zuci. Wanda aka riƙa yana rayuwa da bashin da ba ya biyuwa, duk ranar da ya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa sai a ce ya yi butulci. Na shekara bakwai ina jin kunyar tambayar gadon mahaifina, alhali mai gidan haya yana yi mana sallama duk wata. Ka je gidanta ka ga halin da take ciki kafin a zauna taro, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan Hanyar Gwarzo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya ta Gwammaja, Allah ya ƙara girma, maganarki ta hana ni barci, domin gaskiya ne ban taɓa tambayarta ba.

Jiya bayan sallar isha'i na shiga ɗakinta na zauna a bakin tabarma, na ce mata na zo jin ra'ayinta ne a kan maganar gida. Ta daɗe tana jan carbi ba ta tanka ba. Can sai ta ce in jawo mata tsohuwar akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A ƙasan zannuwa ta fito da wani ƙulli na leda a cikin tsumman atamfa, ta kwance, sai ga takardar cinikin filin, ta yi ja saboda daɗewa, da dangwalen yatsan manomin da ya sayar. Ta ce tun rasuwar Iya take so a raba, amma tana tsoron idan maganar ta fito daga bakinta a ce ta gaji da 'ya'yan mutane. Ta ce tumunin abokiyar zamanta da haƙƙin marayun ƙanena su ne suke tsaya mata a rai duk lokacin da ta kwanta ciwo, ba ta so ta je kabari da su a wuyanta. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai jiya, ko a ranar da aka fita da Baba.

Abu biyu ta roƙa. Ta ce a bar zaure da ɗakin Iya don baƙin ƙauye, a cire ƙimarsu daga nata kason idan ya isa, kuma kada a raba ta da rijiyar da Baba ya haƙa. Da safe na je gidan ƙanwata kamar yadda 'yar uwa ta ba da shawara, na tarar an ba su wa'adin tashi ƙarshen wata mai zuwa, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Mun yi magana da yayanmu, mu huɗu za mu haɗa mu fara biyan nata kason kafin na kowa.

An sa taro ranar Juma'a bayan la'asar a zauren gidan, an aika wa baffanninmu a ƙauye, an kuma kira abokiyar zaman Inna a waya, ta ce za ta turo ɗanta. Malam na Madabo, Allah ya gafarta, idan za mu je wurin mai lissafin gado, shin sai mun kai sunayen magadan Iya da na ƙanena duka a zama ɗaya, ko a fara da na Baba tukuna?